Farar Mayya ta Narniya: aljana ce ko sarauniyar Charn?

Malama, 'yarki ta yi karatu da lura. Kin ce ta gama The Magician's Nephew, ta shiga The Lion, the Witch and the Wardrobe, duka biyun labaran ƙasar almara ce mai suna Narniya, sai ta ga asalin Farar Mayya ya sha bamban a littattafan biyu, take tambayar wanne ne gaskiya. Mu jera su kafaɗa da kafaɗa.

Wanda ta karanta daga baya shi C.S. Lewis ya fara fitarwa, a 1950. A cikinsa Mista Biba, dabbar ruwan nan mai gina madatsa, ya shaida wa yara huɗun da suka shiga Narniya daga Ingila cewa Mayyar ba ta da ɗigon jinin mutum: ta gefe ɗaya daga Lilith ta fito, wadda ya ce aljana ce, ta ɗaya gefen kuma daga samudawa. A The Magician's Nephew na 1955 kuwa, Mayyar, mai suna Jadis, sarauniyar wata duniya ce mai suna Charn, wadda ta hallaka kowa da kalma guda don kada 'yar'uwarta ta karɓe mulki, ta kwanta barcin tsafi har wani yaro mai suna Digory ya buga ƙararrawa ya tashe ta. Lewis ya ɗinke rabin ɓarakar da ya ce ana raɗe-raɗin akwai jinin samudawa a gidan sarautar Charn. Zancen aljanu bai sake tayar da shi ba. Ni wannan bai dame ni ba, domin daga bakin Biba ya fito, ba daga mai ba da labari ba, kuma wanda ya tashi cikin mulkin zaluncin Mayyar na shekara 100, abin da ya tsinta a bakin kakanni zai maimaita.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zancen mutane. Biban ya ce ɗan Adam bai taɓa zuwa ƙasar ba kafin yaran, har a gidan Tumnus, wata halitta mai ƙafafun akuya, akwai littafin da ke tambayar ko mutum almara ne kawai. Amma a littafin 1955, sarkin Narniya na farko mutum ne, Frank, mai tuƙa keken doki a Landan, da matarsa Helen, kuma ɗansu na biyu ya zama sarkin Archenland. A The Horse and His Boy na 1954, Archenland tana nan bayan duwatsun kudu, cike da mutane, a zamanin mulkin yaran. To, in annabcin da ke littafin 1950 ya ce mulkin Mayya zai ƙare ranar da jinin Adam ya hau karagar Cair Paravel, fadar Narniya, me ya sa sai an jira yara daga Ingila alhali ga 'yan Adam a maƙwabta? Wannan rami ne na gaske, kuma Lewis bai cike shi ba. Haka ma dankali da man shanun da aka ci a gidan Biba bayan hunturun shekara 100 da Mayyar ta jawo, ba noma.

Inda littafin 1955 ya yi gyara mai daɗi shi ne fitilar titin da Lucy, ɗaya daga cikin yaran, ta tarar a tsakiyar daji: ƙarfen da Jadis ta ɓalle daga wata fitila a Landan ta jefi Aslan, zakin da ya halicci Narniya, da shi, ya faɗi a sabuwar ƙasa ya tsiro.

Dalilin duk wannan, Lewis da kansa ya faɗa a wasiƙar da ya rubuta wa wani yaro Ba'amurke a 1957: da yake rubuta na 1950 bai san zai ƙara wani ba. A wasiƙar ya karkata ga a bi jerin faruwar labari, kuma tun 1994 kamfanin ɗab'i na HarperCollins ya sa wa na 1955 lamba ɗaya. A nan ban bi shi ba. In tana da ƙannen da ba su fara ba, ki miƙa musu na 1950 tukuna, domin a cikinsa mai ba da labari yana ce wa mai karatu yaran ba su san wane ne Aslan ba kamar yadda shi ma bai sani ba, kuma wanda ya riga ya ga zakin yana halittar Narniya da waƙa, wannan jimlar ba ta same shi ba.