Hattara da masu sayar da "kwaɓin sirri" na adon bango

Jama'a, duk mai sha'awar adon bango mai tudu, irin wanda ake shafa kwaɓi ta hujin sitensil (fallen da aka huda siffar zane a jikinsa), don Allah ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗinsa.

Akwai wani mai talla a intanet da ke sayar da robar kwaɓi haɗe da sitensil uku da sikirafa, wato abin shafa kwaɓin. Wai haɗin sirri ne, ruwa ba ya cinsa, ana yinsa a banɗaki har da bangon waje. Na yarda na saya. Robar ta iso babu suna, babu bayanin abin da ke ciki. Ashe kwaɓin da ake toshe gaɓar allunan jibsum (na silin da bangon cikin ɗaki) da shi ne, aka tsinka shi da ruwa, aka canza masa mazubi.

Shi kwaɓin ba shi da laifi, da shi ake wannan aiki, kuma yana fitar da zane mai kyau. Amma yana da halinsa. Wanda ake sayarwa a kwaɓe ba ya kamawa kamar siminti, ruwan cikinsa ne kawai ke fita, abin da kan ɗauki kamar awa 24. Shi ya sa ko bayan ya bushe, in ka goga masa jiƙaƙƙen tsumma sai ya sake laushi. Dole a shafa masa firaima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, sannan fenti, kuma duk da haka ba a kai shi inda ruwa ke dukansa. Yana kuma motsewa yayin bushewa, don haka in ruwa ya yi masa yawa sai ya tsattsage.

Haka ta faru da ni. Ina ɗaga sitensil na ga kwaɓin ya malale ta ƙarƙashi, gefen ganyayen furen duk ya dagule. Waɗanda suka ɗan fito, cikin mako guda danshin banɗaki ya sa suna ɓarewa da farce. Sitensil ɗin ma siriri ne kamar fallen takarda, na fenti ne. Tudun zane kuwa kaurin sitensil yake bi. To ta ina zai ba ka zurfin nan mai kama da sassaƙa da ke hotunan tallansa? Na cikin hotunan nan allunan ado ne da aka zuba a mazubin fitar da siffa.

Da na yi ƙorafi, cewa ya yi hannuna ne bai faɗa ba, in biya kuɗin shiga ajinsa. Da na nemi kuɗina, ya toshe ni.

Kafin ku saya, ku nemi ganin sunan kayan a jikin mazubinsa, da bidiyon da ba a yanke ba tun daga shafawa har ɗaga sitensil. Ku fara gwadawa a kan ɗan allo, bayan kwana biyu ku jiƙa ku gani. Ni har yanzu kankare bangon nake yi, kuma abin da ya fi ci mini rai, tallan nasa na nan yana yawo.