Injin eshek na musamman ko manhajar waya: wanne ya cancanci kuɗinka?

Mai son wasan eshek (darar Turawa, wato chess) a Yamai da ke neman abokin karawa na na'ura yana da zaɓi biyu, ko ya saka manhaja a wayarsa ko kwamfutarsa, ko kuwa ya yi odar injin da aka ƙera domin wannan wasa kaɗai, mai allo da ƴaƴan wasa da ake ɗagawa da hannu.

Idan ƙarfin wasa ake magana, gardama ta daɗe da ƙarewa: manhaja ce ke gaba. Tun a 2006 manhajar Deep Fritz ta doke zakaran duniya Vladimir Kramnik da ci 4 da 2 a kan kwamfuta irin ta kasuwa, kuma a 2009 Pocket Fritz 4 ta lashe gasar Copa Mercosur a Ajantina alhali a cikin wayar hannu take aiki. Manhajar Stockfish, wadda kyauta ake samunta, ta haura maki 3500 a ma'aunin Elo (ma'aunin ƙarfin mai wasan eshek) na jerin gwajin na'urori, yayin da mafi girman makin da ɗan Adam ya taɓa kaiwa shi ne 2882 na Magnus Carlsen a 2014. Injunan musamman masu matsakaicin farashi, irin su ChessGenius na kamfanin Millennium, suna tsayawa ne wajen 2000 zuwa 2200. Ko wannan adadin ma a karɓe shi da hattara, domin makin da kamfani ya buga a jikin kwali yakan zarce wanda masu gwaji masu zaman kansu, kamar ƙungiyar SSDF ta Suwidin, suke samu.

Duk da haka ban ga laifin mai sayen injin ba, domin maki 2000 sun fi ƙarfin galibinmu, kuma wanda zai shiga gasa yana buƙatar idonsa ya saba da allo na gaske. Injin DGT Centaur, alal misali, yana daidaita ƙarfinsa da na mai wasa, abin da ya fi amfanar ɗalibi fiye da shan kashi kullum.

Kafin a biya, a tabbatar injin yana aiki da batir saboda ɗaukewar wuta a lokacin zafi, a lissafa kuɗin jigila da na duwan, a kuma tuna cewa ƙurar hunturu na iya ɓata allon injin da ake danna ƴaƴan wasa a kansa, mai gyaransa kuwa wuyar samu gare shi. Wanda burinsa nazarin wasanninsa ne, manhajar DroidFish a kan wayar Android ta ishe shi, kuma ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta.