Ziyarar gidan makamai na Royal Armouries a Leeds

Duk mai nazarin yaƙe-yaƙen Turai na tsakiyar zamani da ya sami zarafin zuwa Ingila, ina ba shi shawarar ya ware yini guda domin gidan adana makamai na Royal Armouries da ke Leeds, wanda aka buɗe a 1996, kuma shigarsa kyauta ce.

Abin da ya fi amfanata shi ne ganin sulken faranti, wato sulken da aka ƙera da faifayen ƙarfe, ido da ido. Na daɗe da zaton cewa barden wancan zamani, idan ya faɗo daga doki, ba ya iya miƙewa saboda nauyin ƙarfe. Sai na tarar cikakken sulken fagen daga bai cika wuce kilo 20 zuwa 25 ba, kuma maƙera sun rarraba nauyin a dukkan jiki, sun haɗa farantan da ƙusoshi masu zamewa da tsirkiyar fata, ta yadda gwiwa da kafaɗa suke lanƙwasawa ba wuya. Ma'aikatan gidan kan sanya irin wannan sulke su gwada sara da kariya a gaban masu ziyara, kuma a ganina wannan nuni ya fi dogon bayani gamsarwa.

Na kuma daɗe a gaban siffar filin yaƙin Ajinkur na 1415, wadda aka ƙera da dubban ƙananan mutum-mutumi. A nan mutum zai fahimci yadda maharban Sarkin Ingila Henri na Biyar suka kafa turaku masu tsini a gabansu, da yadda ƙuncin fili da taɓo suka cunkushe baraden Faransa har yawansu ya zame musu cikas. Gidan ne kuma yake riƙe da rubutun hannu mai lamba I.33, na wajajen 1300, wanda shi ne littafin koyar da wasan takobi mafi tsufa da aka sani a Turai.

Akwai sulken giwa daga Indiya da kwalkwali mai ƙaho na Henri na Takwas, waɗanda suka fi jan taron jama'a, amma ɗalibin tsakiyar zamani gara ya fara da zauren yaƙi tun da safe, ya bar su sai la'asar.