Sharhi a kan akwatin faifai na USB da ya kusa sa ni goge Linux ɗin da na gina

Wata biyu ke nan da na sayi wannan akwatin faifai na USB, irin wanda ake zura faifai mai inci 3.5 a cikinsa kuma yake da tasa wayar wuta, amma sai yanzu zuciyata ta yi sanyin da zan iya rubuta sharhi a kansa ba tare da na zalunce shi ba. Buƙata guda ɗaya ce ta sa na saye shi. Ina so in gina babbar manhajar Linux da hannuna tun daga tushe, bisa tsarin Linux From Scratch, domin wata tsohuwar kwamfutar tebur da nake da ita, sai dai ita wannan kwamfutar ba ta da ƙarfin harhaɗa manyan manhajoji irin su GCC da glibc, waɗanda sauran manhajojin suke dogaro da su, cikin lokacin da mutum zai iya haƙurin jira. Don haka na yanke shawarar saka sabon faifai mai terabait 4 a cikin akwatin, in haɗa shi da kwamfutar tafi-da-gidanka wadda ta fi sauri, in kammala ginin a can, sannan in ciro faifan in ɗaura shi kai tsaye a kan SATA, wato mahaɗin faifai na ciki, a kwamfutar teburin.

A makonni ukun farko ban sami abin kuka ba. Akwatin bai taɓa yankewa ana tsakiyar aiki ba, ko a daren da na bar GCC yana harhaɗuwa har gari ya waye, kuma da a lokacin aka tambaye ni, da na ba shi cikakken yabo. Na raba faifan da tsarin GPT, wato jadawalin da yake nuna inda kowane ɓangare ya fara da inda ya ƙare, na ware mebibait 512 domin ɓangaren EFI, inda fayilolin tayar da kwamfuta suke zama, sauran kuma na yi masa tsarin fayil na ext4, na girka GRUB, manhajar da take tayar da Linux, da zaɓin --removable domin ya ajiye fayil ɗinsa a EFI/BOOT/BOOTX64.EFI, inda kowace kwamfuta mai UEFI, wato manhajar da take fara aiki da zarar an kunna na'ura, take dubawa idan ba a yi mata rajistar wata manhajar tashi ba. Gwajin farko ta USB ya faɗi, inda kanel, wato zuciyar Linux, ya tsaya cak da saƙon nan da duk mai irin wannan gini ya sani, wato "VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)". Wannan kuwa ba laifin akwatin ba ne. Tsarin da na bi ba ya amfani da initramfs, wato ƙaramin tsarin wucin gadi da yake loda direbobi kafin a buɗe faifai, saboda haka dole direbobin xHCI, mai kula da ramukan USB, da na ma'ajiyar USB da na ext4 su kasance a cikin jikin kanel ɗin, kuma dole a ƙara kalmar rootwait a layin tashi, domin faifan USB yakan makara wajen bayyana, kanel kuma ba ya jiran wanda ba a ce ya jira ba. Na kuma koyi cewa kanel shi kaɗai ba ya gane root=UUID, sai dai root=PARTUUID, domin lambar farko tana cikin tsarin fayil, ta biyun kuwa tana cikin jadawalin rabon faifai. Da na gyara waɗannan, manhajar ta tashi ta USB sau uku a jere, na kwanta da murna.

Washegari na ciro faifan na ɗaura shi a cikin kwamfutar tebur, na kashe Secure Boot, mai hana manhajar da ba ta da sa hannu tashi, tun da GRUB ɗina ba shi da sa hannu, na kunna. Kwamfutar ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Ban ga ko baƙin allon grub rescue ba, wanda aƙalla yake nuna cewa wani yanki na GRUB ya samu shiga. A saitin UEFI faifan yana nan da sunansa da girmansa, amma babu shi a jerin abubuwan da za a iya tashi da su. Na canja wayar SATA, na canja rami, na kunna tsohon yanayin BIOS na sake kashe shi, duk a banza. Da na tayar da kwamfutar da filashin ceto na buga umarnin lsblk mai jero faifai, sai gabana ya faɗi, domin ga faifan, wato sda, a fili amma babu ɓangarorinsa sda1 da sda2, kamar faifan da aka ciro daga kwali yanzun nan. Aikin mako uku ya ɓace ba tare da na taɓa ko harafi ɗaya ba.

A nan ne na kusa tafka ɓarnar da ba ta gyaruwa. Na riga na buɗe manhajar rabon faifai, na riga na saddaƙar cewa jadawalin ya lalace a hanya, saura kaɗan in rubuta sabo in sake tsara ɓangarorin, wanda da shi ne ƙarshen ginin gaba ɗaya. Abin da ya tsayar da hannuna wata lamba ce da fdisk, wato manhajar rabon faifan, ya nuna: ya ce faifan yana da ɓangare guda ɗaya tal, nau'in ee, mai girman kusan gigabait 500. Nau'in ee shi ne alamar kariyar da GPT yake ajiyewa a sakta ta farko, wato gurbin ajiya na farko a faifan, domin tsofaffin manhajoji kada su ɗauka faifan fanko ne, kuma ya kamata ya rufe faifan duka, ko tebibait 2 na farko idan faifan ya fi abin da zai iya ƙirgawa. To me ya sa zai rufe gigabait 500 a faifai mai terabait 4? Na daɗe ina kallon lambar kafin na lura cewa 500 kashi ɗaya ne cikin takwas na 4000, kuma 512 kashi ɗaya ne cikin takwas na 4096, waɗanda su ne girman sakta iri biyu da aka saba gani idan aka auna da bait. Na mayar da faifan cikin akwatin, na buga blockdev --getss, umarnin da yake nuna girman sakta, ya ba ni 4096, ɓangarorina biyu kuma suka dawo lafiya lau. Na sake ɗaura shi a kan SATA, umarnin ya ba ni 512, suka sake ɓacewa.

Abin da yake faruwa shi ne, ɗan guntun lantarkin da ke cikin akwatin, wanda yake fassara tsakanin SATA da USB, yana tattara sakta takwas masu bait 512 ya miƙa wa kwamfuta a matsayin sakta ɗaya mai bait 4096, ba tare da ya sanar da kowa ba. GPT kuwa ba ya lissafi da bait, da lambar sakta yake yi. Kan jadawalin yana zama a sakta mai lamba 1, wanda ta cikin akwatin yake nufin bait na 4096, ta kan SATA kuma yake nufin bait na 512. Saboda haka UEFI ta je bait na 512 neman tambarin "EFI PART" ba ta same shi ba, ta je saktar ƙarshe ta faifan neman kwafin ajiya, shi ma ta tarar ba ya inda take tsammani, sai ta yanke cewa babu jadawali. Bayanaina ba su motsa ko taku ɗaya ba, ma'aunin da ake auna wurinsu ne ya canja.

Da na fahimci haka fushina ya ɗan sauka, domin dabarar tana da dalili. Tsohon jadawalin MBR yana ƙirga sakta da bit 32, wanda da sakta mai bait 512 ba ya wuce tebibait 2, amma da mai 4096 yana kaiwa 16, kuma ta wannan hanya ce aka riƙa sa manyan faifai su yi aiki a kan tsofaffin manhajoji irin su Windows XP mai bit 32 da ba su iya karanta GPT ba. Wanda zai saka faifai a akwatin ya bar shi a can har ƙarshen rayuwarsa ba zai taɓa sanin ana yin wannan fassarar ba, kuma ba za ta cutar da shi ba. A wannan daren har na fara gaya wa kaina cewa ni ne na ɗora wa kayan aikin da ba nasa ba.

Wannan sassaucin bai kai ko'ina ba, domin gyaran ya ci mini kwana biyu cur. Da farko na kwafe mebibait na farko na faifan da umarnin dd na adana a filashi, saboda sabon jadawali zai hau kan tsohon ya shafe shi. Daga nan na yi amfani da losetup tare da zaɓin --sector-size 4096 da -P domin Linux ya kalli faifan da idon akwatin alhali yana kan SATA, kuma nan take ɓangarorin suka bayyana a ƙarƙashin loop0, na buɗe su na ga fayilolina cif. Na rubuta lambobin farawa da ƙarewa a takarda na ninka su da takwas: ɓangaren EFI da yake farawa a sakta 256 ya koma 2048, babban ɓangaren da yake farawa a 131328 ya koma 1050624. Wajen lambar ƙarewa sai an yi hattara, domin ana ƙara mata ɗaya ne kafin a ninka sannan a cire ɗaya, in ba haka ba za a yanke wa ɓangaren sakta bakwai daga wutsiya. Na rubuta sabon jadawalin, ext4 ya buɗe ba gardama tun da shi da nasa tubalan masu bait 4096 yake aiki, na gudanar da e2fsck mai duba lafiyar ext4 bai sami kuskure ba, na sake kunna kwamfutar ina ganin an gama.

Ba ta tashi ba. Faifan dai har yanzu babu shi a jerin UEFI, kuma sai da na ɓata rabin yini kafin na gano cewa fassarar akwatin ta bi ni har cikin ɓangaren EFI. Tsarin FAT32 yana rubuta girman sakta a cikin kansa lokacin da ake tsara shi, nawa kuwa an tsara shi ta cikin akwatin, don haka yana ɗauke da 4096. Linux ya buɗe shi ba tare da ƙorafi ba, wanda shi ne ya ƙara ruɗa ni, amma UEFI ɗin wannan kwamfutar ta ƙi karanta shi. Dole na sake tsara ɓangaren da mkfs.fat -F 32, na shiga cikin manhajar da na gina ta hanyar chroot bayan na ɗaura dev da proc da sys, na sake gudanar da grub-install da --target=x86_64-efi. A karon farko ya ce ba a tallafa wa bayanan EFI a wannan na'ura ba, saboda a cikin gwaje-gwajen da na yi ta yi na bar filashin ceto yana tashi ta tsohon yanayin BIOS, inda efivarfs, ƙofar da Linux yake bi zuwa bayanan UEFI, ba ya samuwa kwata-kwata. Na sake tayar da filashin ta UEFI, girkin ya wuce, efibootmgr ya nuna sabuwar rajista.

A wannan karon GRUB ya fito, na zaɓi kanel, sai ga allon ya tsaya yana jira ba iyaka. Wannan kuskurena ne, kuma na karɓe shi: da yake da hannu na rubuta sabon jadawalin, kowane ɓangare ya samu sabuwar lambar PARTUUID, grub.cfg kuwa yana neman tsohuwar, rootwait ɗin da ya cece ni a baya kuma ya sa kanel ya zauna jiran ɓangaren da ba zai taɓa zuwa ba maimakon ya faɗi ya gaya mini dalili. Da na fitar da tsohon jadawalin da sfdisk -d na gyara lambobin a cikin fayil ɗin, da tsofaffin lambobin shaidar sun biyo ni. Na duba sababbin lambobin da blkid, na gyara grub.cfg da fstab, fayil ɗin da yake jero ɓangarorin da za a ɗaura, wanda shi ma yake riƙe da tsohuwar lambar ɓangaren EFI, sannan manhajar ta tashi har zuwa wurin shigar da suna.

Duk da na ɗauki nawa kason na laifin, babban kason na masu akwatin ne, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shirun da suka yi. Na sake karanta kwalin da 'yar takardar da ke ciki daga farko zuwa ƙarshe, an yi maganar sauri da girman faifan da yake ɗauka da launin fitilar gabansa, amma babu jimla ɗaya da ta ce yana canja girman sakta, kuma babu maɓalli ko saitin da za a kashe wannan hali. Na rubuta wa mai sayarwa na yi bayani dalla-dalla har da lambobin 512 da 4096, amsar da ta dawo ita ce in gwada wata wayar USB, in kuma bai yi ba in goge faifan in sake tsara shi. Wanda bai lura da lambar nan ta fdisk ba zai bi wannan shawarar ya shafe bayanan da ba abin da ya same su, kuma zai tafi yana zargin faifan ko kansa.

Akwai kuma asarar da ba ta ƙare ba. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa na ga akwatin ya cancanci kuɗinsa shi ne tunanin cewa duk ranar da manhajar ta ƙi tashi, zan ciro faifan in zura shi a ciki in gyara daga ɗaya kwamfutar. Yanzu da jadawalin yake kan ma'aunin 512, idan na saka faifan a akwatin fanko yake bayyana, wato matsalar ta juya ta ɗaya fuskar. Ga wanda yake son ma'ajiyar da za ta zauna a akwati har abada, zan ba shi uku cikin biyar, domin bai taɓa yanke mini aiki ba. Ga mai gina babbar manhajar da zai mayar cikin kwamfuta, ko mai son ceto bayanai daga faifan da aka ciro daga wata na'ura, ɗaya ma na ba shi ne don babu ƙasa da haka, kuma kafin ya rubuta komai ta cikin kowane akwati ya fara gwada blockdev --getss a ciki da kuma a kan SATA ya ga ko lambobin sun zo ɗaya. Nawa akwatin yanzu wani tsohon faifai ne a cikinsa da nake zuba kwafin ajiya, na kuma manna masa takarda a saman murfi da ta ce kada a ciro faifan da ke ciki.