Palu da cikungunya: inda suka haɗu da inda suka rabu

Hajiya, sannu da jinya, Allah Ya ƙara wa yaro sauƙi. Kin ce ɗanki ya kwanta da masassara mai zafi, gaɓoɓinsa na ciwo har buta ba ya iya ɗauka, an gwada jininsa a likita aka ce ba palu ba ne, sai wata maƙwabciya ta ce ƙila cikungunya ce. Kina tambaya me ya raba ta da palu tunda duka sauro ke kawo su, kuma ko sangen da kuke kwana ciki ya isa kariya.

Abin da ke jikin yaron dai sai ma'aikatan lafiya da suka gan shi za su faɗa. Bambancin cututtukan biyu kuwa ga shi.

Tun daga abin da ke shiga jini suka rabu. Palu wata ƴar halitta ce ke kawo shi, wadda ke fara sauka a hanta sannan ta shiga ƙwayoyin jini tana fasa su, shi ya sa yaro ke yin fari fat idan ya daɗe da shi. Tana da maganin da ke kashe ta, irin su Coartem na kwana uku, kuma ɗan gwajin nan na tsaga yatsa yana nuna ta cikin minti 15 zuwa 20. Cikungunya kuwa bairas ce. Gwajin palu ba ya ganin ta, Coartem ba ya taɓa ta, amoksisilin ma haka. Har yau ba a da maganin da ke kashe ta, jiki ne ke yaƙar ta da kansa, mu namu taimako hutu ne da shan ruwa da farasitamol. Tabbatar da ita sai an aika jini babban ɗakin bincike, irin CERMES da ke Yamai. A ganina nan ne muka fi yin asara: gwaji ya ce babu palu, amma sai a bi ta wurin mai tallan magani a sake sayen maganin palu, idan bai yi ba a nemi allura. Kuɗi sun tafi, ciwo na nan.

Ranar farko da wuya ki raba su da ido, duka zafin jiki ne da ciwon kai da kasala. Palu ya fi zuwa da rawar sanyi, sai zufa, sai ya lafa ya dawo. Cikungunya faɗowa take farat ɗaya, kwana 4 zuwa 8 bayan cizo, kuma tambarinta ciwon gaɓoɓi ne: wuyan hannu, yatsu, idon sawu, gwiwa, galibi dama da hagu a tare, wani lokaci da kumburi. Sau da yawa ƙananan ƙuraje kan feso a jiki bayan kwana biyu ko uku. Masassarar kan sauka cikin mako guda, amma gaɓoɓin kan riƙe mutum makonni ko watanni, wasu ma fiye da shekara, musamman dattawa. Sai a yi ta cewa sanyin ƙashi ne. Wata alamar da ta fi ta jiki ƙarfi ita ce ta unguwa: idan kika ga gida guda mutum huɗu sun kwanta a mako ɗaya, manya da yara, kowa na ɗingishi, maƙwabta ma haka, to a gaya wa likitar unguwa da wuri.

Wajen kisa kuwa babu haɗi. Palu ne makashi. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023, Nijar na cikin ƙasashe huɗu da ke ɗauke da sama da rabin mace-macen palu na duniya baki ɗaya, tare da Najeriya da Kwango da Tanzaniya, kuma mafi yawan masu mutuwar yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Yaro na iya wayar gari da zafin jiki, kafin kwana biyu ya shiga jijjiga. Cikungunya da wuya ta kashe. Haɗarinta ya fi ga jaririn da uwarsa ta kamu dab da haihuwa, da tsofaffi, da masu hawan jini ko ciwon suga. Don haka kome aka ji ana faɗa a gari, duk masassara a fara da gwajin palu ranar nan, kamar yadda kika yi. Kuma mutum na iya ɗaukar biyun lokaci guda.

Akwai ta uku da dole in sako ta, don ita ce dalilin da zan ce ki yi hattara da magani. Denge, ƴar'uwar cikungunya ce, sauro ɗaya ke ɗauke da su, kuma a kwanakin farko ko likita sai da gwaji yake raba su. Ita ta fi zuwa da ciwon bayan ido da ciwon tsoka, kuma tana iya sa zubar jini. Asfirin da ibufurofen da diklofenak, waɗanda su ne ake fara miƙa wa mai ciwon gaɓoɓi, suna ƙara wannan haɗarin. Kada a ba shi ko ɗaya sai likita ya ce ba denge ba ce. Wani abin da ke yaudarar mutane da ita: lokacin da zafin jiki ya sauka, wajen kwana na uku zuwa na bakwai, shi ne lokacin da takan juya. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba tsayawa, jini a dasashi ko haɓo, yaro ya yi laushi ko ya kasa natsuwa, ko ɗaya kika gani sai babban asibiti, ko da tsakar dare ne. A 2023 denge ta kashe sama da mutum 700 a Burkina Faso, a Yamai ma an tabbatar da ita a 2022.

Yanzu zancen sange, wanda shi ne gundarin tambayarki. Sauron ba ɗaya ba ne. Mai kawo palu, anofilis, ɗan dare ne, daga bayan magariba zuwa asuba. A waje yake hayayyafa: ruwan sama da ya kwanta a hanya, ramukan da aka haƙi ƙasar tubali, gefen tabki, sawun shanu. Shi ya sa palu ke tashi da damina ya fi ƙamari wajen kaka, shi ya sa kuma ake bi gida-gida daga Yuli zuwa Oktoba ana ba yara ƴan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafi. Sange mai magani a kansa aka yi shi, kuma yana aiki.

Mai kawo cikungunya da denge da shawara, sunansa edis, baƙi ne ƙarami mai zanen fari a ƙafafu. Da rana yake cizo, ya fi zafi da hantsi da kuma la'asar sakaliya, daidai lokacin da kike tsakar gida kina girki, yara na allo ko lakwal, samari na fada suna jiran shayi. Ba wanda ke cikin sange a wannan lokacin. Ƙasa-ƙasa yake bi, ya ciji idon sawu, kina motsawa ya tashi ya koma kan na kusa da ke, don haka sauro ɗaya kan iya raba wa mutum uku ciwo kafin ya ƙoshi. Ba ya nisa, ƴan mitoci ɗari kaɗan ne iyakarsa a rayuwa, wanda ya cije ki a gidanki ko na maƙwabta aka ƙyanƙyashe shi. Kuma ba ruwansa da kwata. Mai kukan nan na dare da ke fitowa daga kwata da masai wani iri ne daban. Edis ruwa mai tsabta yake so, wanda aka ajiye cikin mazubi.

Ga mu nan Damagaram, wannan magana ta shafe mu fiye da wasu. Garin kan dutse yake zaune, ruwanmu daga nesa ake jawo shi, Arunguza da Ganaram, kuma kowa ya san yadda pampo ke yi mana. Ranar da ya zo, ko ƴan garuwa suka kawo, sai a cika duk abin da ke da baki: randa, tano, bido, bokiti, tukunya. Ba laifin kowa ba ne, wanda bai tara ba zai kwana da ƙishi. Amma wannan ajiyar ita ce gidan edis, kuma ita ba ta san rani ba. Macen tana manna ƙwanta a jikin mazubi daga ciki, sama kaɗan da inda ruwa ya tsaya. Ƙwan na jure bushewa watanni, ranar da aka sake cika randar ya jiƙa sai ya ƙyanƙyashe, cikin kwana 7 zuwa 10 ya zama sauro mai tashi. Masu cewa garinmu ya yi bushewa da irin wannan ciwo su dubi Abeshe a Cadi, gari na Sahel mai ƙarancin ruwa irin namu, inda a 2020 cikungunya ta kwantar da sama da mutum 30,000 cikin ƴan watanni. Cutar tsohuwa ce, tun 1952 aka gano ta a Tanzaniya, kuma idan ta shiga inda ba a taɓa yin ta ba, shara take: a tsibirin Reyuniyon tsakanin 2005 da 2006 ta kama kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen wurin. Matafiyi ɗaya da ya sauka tasha da ita a jini ya isa, in dai sauron na nan yana jira.

To me za a yi, tunda zubar da ruwa ba zance ba ne a nan? Sau ɗaya a mako, a tace ruwan randa ko tano da ƙyalle mai tsabta zuwa wani mazubi, a goge cikinta da soso sosai, musamman wajen wuya. Ɗauraya kaɗai ba ta cire ƙwan, sai an dirje. Ƴan tsutsotsin da suka rage a ƙyalle a zubar da su kan busasshiyar ƙasa a rana. Faifai ko tire da aka ɗora bisa baki yana barin kafa. Ya fi a ɗaura ƙyalle ko guntun tsohon sange da roba sannan a ɗora marfi. Bido a murɗe bakinsa. Sai a zaga gida a duba abubuwan da ba a kula da su: kaskon ruwan kaji da tantabaru, komin tumaki, tsohuwar taya da aka danne rufin kwano da ita, gwangwanaye, fasasshen tulu a bayan ɗaki. Feshin hayaƙi da mutane ke ta kira a zo a yi, manyan kawai yake kashewa, bayan mako na cikin randa sun fito. Kuma gida ɗaya ba ya yi shi kaɗai, sai kin ja matan layinku, ko a roƙi mai unguwa da liman su yi shela.

Sange kuma kada ki ajiye shi, don palu na nan. Yana ma da aiki na biyu: a makon farko na ciwon, bairas ɗin na yawo a jinin mara lafiya, duk sauron da ya cije shi zai kai wa wani. Saboda haka yaron ya kwanta cikin sange har da rana, haka jarirai masu barcin hantsi. Ƙannensa a sa musu riga mai dogon hannu da wando da yamma. Allurar rigakafin cikungunya an fara amincewa da ita a Amurka a 2023, amma ba ta cikin waɗanda ake yi wa yara a nan. Ta shawara ce ke ciki, a wata 9, sau ɗaya ta isa har ƙarshen rai, ki duba katinsu ko an yi.

Idan masassarar ta wuce kwana biyu ba ta sauka ba, ki koma da shi a sake gwajin palu, ki kuma gaya musu ko ya yi tafiya kwanan nan da ko akwai wasu masu irin ciwon a unguwa.