Sarƙar Krobo, ta takarda ko jakar leda: wanne ya cancanci kuɗinki?

'Yan uwa mata, in dai za ki saka kuɗinki a kayan ƙawa na hannu da ake yi da abin da aka yar, da niyyar kuɗin ya kai ga matan da suka yi aikin, ni dai tun daga farko zan faɗa miki duwatsun Krobo na Ghana su ne zaɓina, sauran duk a baya suke.

Kin san yadda ake yinsu kuwa? Fasassun kwalabe ake tarawa a wanke, a daka a turmi har su zama gari, a tankaɗe, sai a zuba a ƴan ramukan da aka yi a jikin yumɓu, a soka tsinken ganyen rogo a tsakiyar kowanne. In an saka a murhun gashi, wanda da ƙasar suri ake gina shi, tsinken ya ƙone ya bar ƙofar da zare zai bi, bayan sun huce kuma a goge su a kan dutse da yashi da ruwa. Zanen da kike gani a jikin wasu ba fenti ba ne, garin kwalba ne mai launi aka zana aka sake gasawa, shi ya sa ba ya ɓarewa. Awarwaron da nake sawa da shi nake alwala, da shi nake wanke-wanke, har yau launinsa bai dusashe ba, kuma in kin ɗora shi a kumatu za ki ji sanyi da nauyinsa. Masu zuwa Ghana sun san kasuwar duwatsu ta Koforidua da ke ci ranar Alhamis, in kuma ta intanet ne akwai ƙungiyar Global Mamas da aka kafa a 2003, suna aiki da mata a yankin Krobo ɗin.

Sarƙar takarda ta Uganda, wadda matan ƙabilar Acholi suka yi suna da ita, tana da kyau ba nauyi, amma takarda ce aka naɗe aka shafa mata banish, mai alwala sau biyar a rana ta bar ta a wuya kawai kar ta sa a hannu. Tagullar Kenya tana dusashewa, wata fatar ma har kore take bari. Jakar leda kam ina girmama matan Njau a Gambiya, da Isatou Ceesay da ta fara haɗa su suna saƙa leda da kwarashi tun 1997, sai dai leda ba ta son zafin ranarmu, ki duba hannun jakar da zif ɗin sosai kafin ki biya.

Yanzu ga abin da ya fi ci min rai. Na taɓa sayen sarƙa wajen wata mai sayarwa a intanet, ta cika shafinta da hotunan mata a zaune suna jera duwatsu, ta ce kuɗin na zawarawa ne da marayu, ban ko nemi ragi ba na tura. Sati biyu fentin ya fara bin wuyan rigata, na kankare ɗaya da farce sai ga farar roba a ciki. Wallahi ba asarar kuɗin ce ta dame ni ba kamar yadda aka yi talla da fuskokin bayin Allah da ƙila ko sisi ba su gani ba.

Don haka ki duba da kyau. Na gaske ba za ki samu biyu iri ɗaya sak ba, wani ya ɗan karkace wani ya fi kauri, ƙofarsa ma ba a daidaice take kamar ta inji ba. In kin ga layin haɗi siriri a gefe, roba ce. Ki ƙwanƙwasa shi a haƙori, kwalba ƙara take, roba kuwa shiru. Wasu ma wayo suke, su saka na gaske uku a gaba sauran duk na kamfani.

Sannan kar kalmar cinikin adalci, wato cewa an biya masu aikin haƙƙinsu yadda ya kamata, ta ruɗe ki, kowa na iya rubuta ta a kwali. Ki tambayi sunan ƙungiyar matan da garin da suke, da yadda ake biyansu, kafin a sayar ne ko sai kaya sun ƙare? A Krobo gashin duwatsun sau da yawa maza ne ke yi, don haka ki tambaya wane ɓangare matan suka yi, zane ne ko jerawa. In ta ce suna cikin WFTO, ƙungiyar cinikin adalci ta duniya da ta faro a 1989, ki shiga shafinsu ki nemi sunan a jerin mambobi da kanki. In ta fara kame-kame ko ta ce ke dai ki taimaka don Allah ba sai kin yi bincike ba, ki riƙe kuɗinki, kuma ko kin gamsu ki fara da awarwaro ɗaya tukuna, ki jiƙa shi a ruwan omo ya kwana kafin ki yi odar na biki.