Birkin baya ya fara kuka: gyara, Beljiyam ko sabo?

Idan bakanike ya ce kalifar baya ta mutu, wato ƙarfen da yake matse diski (faifan da ke juyawa tare da taya) idan an taka birki, kada ka yi saurin kama hanyar kasuwar Ƙofar Ruwa ko Fanteka. Ka sa ya ɗaga motar, ya cire tayar, ku duba tare. Sau da yawa abin da ake kira mutuwar kalifa bai wuce ƙusoshin nan biyu da take zamewa a kansu ba, sun bushe sun cije saboda robarsu ta yage, ƙura da ruwan damina sun shiga. Alamar a jikin fad take, wato abubuwan nan biyu da suke gogar diski su tsayar da mota: ɗaya ya cinye har ƙarfe, ɗan'uwansa kuma da sauran nama. Wannan ba ya bukatar sayen komai sai roba da giris, da sabon fad a madadin wanda ya cinye. Amma giris ɗin na silikon ake so. Baƙin giris na yau da kullum kumbura roba yake yi, bayan ɗan lokaci ƙusar ta sake cijewa.

Idan fistin, wato abin da man birki yake turawa a cikin kalifar ya matse fad, shi ne da kansa ya maƙale, za ka ji wilin wannan gefen ya fi sauran zafi bayan tafiya, da ƙaurin ƙuna, motar kuma ta yi nauyi tana shan mai. A nan zaɓi uku ne.

Na farko, a kwance kalifarka ta asali a sa mata sababbin robobi. Shi ne mafi araha, kuma ni shi nake fifitawa muddin jikin fistin yana nan sumul. In tsatsa ta yi masa ramuka, sai an canza shi, don duk gugar da za a yi masa da samfefa, sabuwar roba ba za ta riƙe man birki a kansa ba.

Na biyu, Beljiyam. Kalifar asali ce da aka ciro daga wata mota, kuma ƙarfenta ya fi na yawancin sababbi masu arha. Matsalarta inda ta fito: a Kanada, arewacin Amurka da ƙasashen Turai masu sanyi ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kalifar baya kuwa ita ta fi shan wannan azaba. Don haka kada ƙyallin fenti ko wankin fetur ya ruɗe ka. Ɗaga robar fistin ka leƙa, ka motsa hannun da wayar birkin hannu take ja ka ga ko yana komawa da kansa, sannan ka sa mai shago ya kwance ɗan notin cire iska a gabanka. In ya karye a hannunsa, nasa ne. In a gareji ya karye, naka ne. Ka kuma lura, ta hagu daban, ta dama daban: wannan notin dole ya kasance a sama idan an ɗaura, in ba haka ba iska ba za ta fita ba, birki ya dinga nutsewa ƙarƙashin ƙafa.

Na uku, sabuwa. In ka samu ta gaske daga kamfanoni irin su TRW, ATE ko Bosch a hannun dilan da ka yarda da shi, shi ke nan. Sabuwar da ba ta da suna kuwa, ko mai sunan da kwalinta kaɗai ya san shi, ni dai na fi yarda da Beljiyam mai lafiya a kanta.

Kafin ka biya kuɗi, ka san wace irin kalifa ce a motarka, don birkin baya ba iri ɗaya ba ne. A Golf da Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, birkin hannu a cikin kalifar yake, fistin ɗinta kuma murɗa shi ake yi ya koma ciki. Bakaniken da ya danna shi da ƙarfi ko ya sa masa guduma ya lalata zaren da ke ciki, kuma nan ne kalifa mai lafiya take zama matacciya. A Camry da Peugeot 406 kuwa, birkin hannu wasu ƙananan takalma ne da ke ɓoye a cikin cibiyar diski, fistin ɗin turawa kawai ake yi. Motocin da birkin hannunsu maɓalli ne, irin Passat daga 2005, sai an sa kwamfuta ta janye injin da ke bayan kalifar kafin a taɓa ta. Tafi kasuwa da tsohuwar a hannu, da lambar shasi.

Batun diski ya fi sauƙi, kuma a nan hukuncina ya juya: sabo ya fi Beljiyam. Diski abu ne mai cinyewa, na hannu ya riga ya ba da wani kaso na ransa a wata ƙasa. Kowane diski akwai rubutun MIN TH da lamba a bakinsa ko a cibiyarsa, wato mafi ƙarancin kaurin da kamfani ya yarda a yi tafiya da shi. Na baya a ƙananan motoci siriri ne tun asali, galibi milimita 9 zuwa 12, kuma abin da aka yarda ya cinye bai cika wuce milimita 2 ba. A auna da ma'auni a inda fad yake gogawa, ba a tudun bakin ba. Idan akwai sauran kauri kuma layukan da ke fuskarsa ba su yi zurfi ba, ana iya kai shi a kankare a inji, da sharaɗin bayan kankarar bai faɗo ƙasa da lambar ba. Wanda ya tsage, ko ya yi shuɗi saboda zafi, ba a ciniki da shi. Kuma biyu ake canzawa tare, hagu da dama, da sabon fad. Wanda ya ɗora tsohon fad a kan sabon diski, fad ɗin zai zana masa tsofaffin layukansa.

Wani abu da ake yawan tsallakewa: a goge tsatsar wurin da diski yake zama kafin a ɗora shi. Ɗan datti a nan ya isa ya sa sabon diski ya dinga rawa, ka ji birki yana bugun ƙafarka, ka koma kana faɗa da mai shago alhali ba laifinsa ba ne.

Duk zaɓin da ka yi game da kalifa, tunda an buɗe tiyon man birki sai an cire iska, to gara a zubar da tsohon man birkin gaba ɗaya. Yana tsotsar danshi, wannan ruwan kuma shi ke cin fistin ta ciki, shi ya sa kamfanoni da yawa suke cewa a canza shi duk shekara 2. Duba murfin tankinsa ka ga ko DOT 3 ne ko DOT 4, ka sayi wanda ba a fasa hatiminsa ba. Bayan an sauke mota, a tattaka birki har ya yi tauri kafin a sa giya, sannan a gwada birkin hannu a kan gangara tun ba ka bar gaban bakaniken ba.